Ɗan Chile da Shuɗiyar Riga

Duk faɗin kulob ɗin zari-ruga na unguwar Malvín babu mai kiran Nibaldo Carvallo da sunansa na yanka. Ɗan Chile ake ce masa, yaro da babba, har da matarsa in ranta ya ɓaci. Ya haura shekara talatin a Montevideo, babban birnin Uruguay, a nan gashinsa ya yi fari, a filin kulob ɗin haƙoransa na gaba suka zube, amma da ya buɗe baki ka san daga bayan duwatsu, can Chile, ya fito. Shi kuwa ko a jikinsa, bai taɓa ƙoƙarin gyara harshen ba.

Wasa ne ya kawo shi. Yana saurayi ƙungiyarsu ta garin Concepción ta zo karawa da wannan kulob, shi yana layin gaba, inda ƙarti ke haɗa kafaɗa su yi turereniya, wurin da ba a neman kyan fuska. Aka lallasa su. Bayan an tashi aka shiga abin da 'yan zari-ruga ke kira zagaye na uku, wato masu masauki su ciyar da baƙin da suka gama bugawa da su, kowa ya zauna kusa da wanda ya fasa masa baki. Wadda ta miƙo masa faranti a ranar wata budurwa ce mai suna Zulma. Ta dubi kumburarren idonsa ta ce in ba ya ganin naman ya faɗa ta yanka masa. Ya bi 'yan ƙungiyarsu suka koma gida, amma shekara ba ta zagayo ba sai ga shi da akwati da injin walda.

Da walda ya ci abinci, da ita ya yi aure, da ita ya kafa ɗan shagonsa a bayan tashar bas. Sandunan gola na kulob aikinsa ne, haka ma ƙatuwar ragar gashi da ke bayan ɗakin canja kaya. Da gwiwoyinsa suka ce sun gaji, sai ya koma bakin wuta, ya zama shi ke gasa naman zagaye na uku duk Asabar. Namansa ba a kushe shi. Abin da ake kushewa shi ne haɗin tumatir da albasa da barkono da yake ajiyewa a gefe irin na garinsu, don mutanen Uruguay sun yi imani cewa nama in ba gishiri ba, duk abin da aka sa masa cin mutunci ne. Suna zagin haɗin suna lashe kwanon.

Babban mai zagin shi ne Wilmar Techera, tsohon da ke horar da yaran kulob tun Nibaldo bai zo ba. Su biyun abokan wasa ne na ƙin ƙari. In ka ji su daga nesa sai ka ce yanzu za a ba hammata iska, in ka matso ka tarar ƙoƙo ɗaya na mate, shayin ganyen da ake zuƙa a ƙasar, suke zagayawa a tsakaninsu.

Ɗa ɗaya Allah ya ba Nibaldo da Zulma, Gastón. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: wuyan uban ya ɗauko, da faɗin kafaɗar, da wurin tsayuwa a layin gaba. Abin da bai ɗauko ba shi ne ƙasa. Duk ranar da Uruguay ta haɗu da Chile, gidan kan rabu biyu a gaban talabijin. Zulma da yaron su hau doguwar kujera da shuɗin gyale, Nibaldo ya jawo kujerar ƙarfe ya zauna can bakin ƙofa da jar rigarsa da ta koɗe. In Chile ta ci maki ya miƙe ya taka rawa, ya ja kunnen yaron, ya ce, “Ina bakin naka, ɗan Uruguay?” A wurinsa duk wasa ne, kuma bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar yaron da kyau ba.

Bara abin ya fi na kullum. Chile ta ci Uruguay a Santiago ana dab da tashi. Gastón ya yi zaman sansani da 'yan wasan ƙasa kafin wannan karawa, amma aka ajiye shi a gida, don haka a kan doguwar kujerar nan ya kalli yadda aka ci abokansa. Nibaldo kuwa ya ɗaura jar tuta a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, ya zagaye unguwa yana danna hon, ya tsaya ƙofar gidan Wilmar ya ƙara dannawa. Da ya dawo ya tarar yaron ya fita, bai kuma kawo komai a ransa ba.

Bana ga Chile za ta zo Montevideo. Tun da aka sa rana babu wata hira a kulob sai ta ramuwa, kowa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ana cikin haka sunaye suka fito, Gastón Carvallo na ciki, kuma ba a benci ba, lamba uku aka ba shi, a layin gaba. Wasansa na farko ke nan da rigar ƙasa. Nibaldo ya ji labarin a shago, ya ajiye aiki ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu, har da waɗanda ba su san yadda ƙwallon take ba.

To, akwai al'ada. Jajibirin wasa 'yan wasa kan taru a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa, a kira kowa da sunansa a miƙa masa rigar da zai sa gobe. Wanda zai sa ta karon farko, shi ke zaɓen hannun da zai miƙa masa, kuma mai miƙawar yakan faɗi 'yan kalmomi a gaban kowa. Yawanci uba ake kira. Nibaldo ya san wannan sarai, har ya sa Zulma ta kai kwat ɗinsa wanki. Ya zauna jiran yaron ya yi magana, yaron bai yi ba.

Ana cikin makon wasa Wilmar ya shigo shagon da hantsi, filas a hammata, ƙoƙo a hannu. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya zuba ruwan zafi ya miƙa. Yau babu zagi a bakinsa, abin da ya sa Nibaldo ya tsargu ke nan.

“Lafiya, tsohon banza? Ko tsoron Asabar ne ya kama ka tun yanzu?”

“Yaronka ya zo wurina jiya,” in ji Wilmar. “Ya ce in miƙa masa riga.”

Nibaldo ya zuƙi mate har ƙoƙon ya yi ƙara. Ya mayar masa.

“Ai daidai ne. Kai ka koya masa riƙon ƙwallo.”

“Na ce masa zan yi shawara.”

“Shawarar me? Je ka miƙa. Ka dai aske gemun nan, kada ka ba mu kunya.”

“Ɗan Chile, ni fa ba ni na haife shi ba.”

 Nibaldo ya sauke murfin walda a fuskarsa, ya kama wani ƙarfe da ba ya bukatar gyara ya yi ta ƙona shi har Wilmar ya gaji ya tafi. Abin ya yi masa ciwo, ciwon da bai taɓa jin irinsa ba ko ranar da aka karya masa haƙarƙari.

Da rana ya koma gida, Zulma ta ajiye masa taliya, ya yi ta juya cokali a ciki. Ita ta riga ta sani, don uwa ba a rufe mata irin wannan.

“Tsoho, ci abincinka. Ba ƙin ka ya yi ba. Cewa ya yi ba ya so ya sa ka a tsaka mai wuya, ka riƙe rigar da za a doki ƙasarka da ita.”

“Shi ya ce miki haka?”

“Ya ce kuma bai san wa za ka goya wa baya ran Asabar ba.”

“Wace irin magana ce wannan? Ɗana ne fa.”

“Tun yana ƙarami duk ranar da aka ci su, in ya waiwaya ubansa yake gani yana rawa.”

“Haba, Zulma, ai wasa ne.”

“Kai ka san wasa ne. Ka taɓa gaya masa?”

Ya ajiye cokalin. Gaskiyar da ta fi damunsa ma ita ce ba duka ne wasa ba. Iyayensa sun rasu, gidansu na Concepción ya koma hannun wasu, 'yan'uwa sun watse. Abin da ya rage masa na gida shi ne harshen nan da jar rigar nan, da 'yan mintocin da ake sa taken ƙasarsu kafin wasa ya miƙe tsaye shi kaɗai a falo. Yana tsoron in ya saki wannan, ya zama mutumin da ba shi da inda ya fito. Yana kuma tsoron ɗansa ya shiga fili gobe-jibi yana zaton ubansa na can yana roƙon Allah a kayar da shi. Tsoro na biyun ya fi nauyi, sai dai ya ɗauke shi kwana guda kafin ya yarda.

Washegari ya tuƙa motarsa zuwa filin da 'yan wasan ƙasa ke atisaye. Ya tsaya a bakin waya har suka gama. Gastón ya hango shi, ya taho yana share gumi, kunnuwansa naɗe da filasta.

“Baba, lafiya? Ko Mama ce?”

“Lafiya lau take. Na zo ne in gaya maka Wilmar bai iya magana ba. In ya fara jawabi duk sai kun yi barci, Chile ta same ku a kwance.”

Yaron ya yi 'yar dariya, ya sunkuyar da kai yana taka ciyawa da takalmi.

“Baba, rigar Uruguay ce fa.”

“Na sani, ai ba makaho ba ne ni.”

“Za ka iya?”

“Ban sani ba,” in ji Nibaldo. “Amma in ka yarda, ba na so wani hannu ya miƙa maka ita.”

Gastón ya ɗago kai ya dubi ubansa. Can ya ce ya zo da la'asar ranar Juma'a, kuma don Allah kada ya zo da tutar nan a mota.

Ranar Juma'a garin ya cika da shuɗi, tagogi da motocin bas da wuyan karnuka. An ce baƙi sun sauka tun jiya, har an ga wasunsu suna yawo a bakin ruwa da jajayen riguna, kuma Nibaldo da ya wuce su sai da ya rage gudu don ya ji irin maganar garinsu ta taga. Ya isa masaukin 'yan wasa cikin kwat ɗin da ya matse shi a kafaɗa. Aka shigar da shi wani ɗaki mai kujeru a jere, ƙarti zaune tsit kamar a coci, riguna a ninke a kan tebur. Wilmar na can baya ya aske gemu, don Gastón ya ce shi ma ya zo ya gani.

Aka kira na ɗaya, aka kira na biyu. Da aka ce lamba uku, mai horar da 'yan wasan ƙasa ya ɗauko rigar ya ba Nibaldo. Bai taɓa riƙe ta ba sai yau. Ya ji ta ba nauyi, ya yi mamakin yadda abin da ya shekara talatin yana yi wa tsiya bai fi tafin hannunsa biyu ba. Gastón ya taso ya tsaya a gabansa, ya fi shi tsawo da kai guda.

“Duk kun san ni,” in ji Nibaldo, da harshen nan nasa da bai gyaru ba. “Wasunku kun ci namana, kun zagi barkonona. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa son wannan riga ba.”

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi bai yi ba. Ya juya ga ɗansa.

“Gobe in aka sa taken Chile zan miƙe in rera, da ƙarfi, duk wanda ke kusa da ni sai ya ji. Kada ka waiwayo, kada kuma ya dame ka. Wannan na iyayena ne. Amma da an busa usur, ni naka ne. Ka tura su baya, ɗana. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa roƙon a ci ƙasata ba, yau na roƙa, kuma da zafi, amma na roƙa.”

 Gastón ya sa hannu ya kama rigar, idonsa ya kawo ruwa, ya ja a hankali. Rigar ba ta taho ba, don yatsun tsohon sun ƙanƙame ta bai ma sani ba.

“Baba,” in ji yaron, murya ƙasa, “na ji. Sakar mini haka nan.”

Nibaldo ya dubi hannunsa, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya bar wa ɗansa rigar.