Mai Igiya a Wurin Dara

A gefen kasuwar shanu ta Maigatari wani dattijo Bafulatani yana tsugune yana dara, ramamme, malfarsa duk ta yage. Igiya na rataye a kafaɗarsa, amma ko maraƙi babu a bayansa. Ina jin farin bara ne ya share masa garke.

Ya jera uku, saura ya cire tsinke ɗaya na abokin wasansa, duk wanda ya ga dama. Hannunsa yana yawo a kan gurabun, ya ƙi sauka.

"Baffa, zaɓi ɗaya mana," in ji mahaucin da suke wasan tare.

Dattijon bai ɗago kai ba.

"Yau ake cewa in zaɓa. Bara da shanuna ke faɗuwa, kuna tsaye da wuƙaƙe, wa ya tambaye ni?"