Burkin Motar Baba Ranar Jana'izarsa

Baba ya rasu bayan asuba, wata Talata, liman kuma ya ce za a sallace shi bayan azahar. Sauran hidima 'yan'uwa suka ɗauka. Nawa rabon shi ne mota.

Tsohuwar a-kori-kura ce, da ita Baba ya yi ta jigilar albasa da gawayi tun ina goye. A layinmu na Nima kuwa, duk wanda ya mutu a bayanta ake ɗora makara. Ko yana tsakiyar lodi aka kira shi sai ya sauke, ya wanke bayan da kansa, ya shimfiɗa tabarma. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: kada a kai shi makabarta a motar wani. Na ce to. Ni makanike ne a unguwar Kawukudi, amma wata takwas tana ajiye ban leƙa ƙarƙashinta ba. Tun yana da lafiya ya hana ni taɓa ta, wai mu yaran zamani canza kaya kawai muka iya. Ni kuma na yi zuciya.

Na aro batir, ta tashi a bugu na uku. Da na taka burki sai ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka dafaffiyar doya.

Maza duk sun watse, wasu wajen wankan gawa, wasu haƙar kabari, wasu neman likkafani. Yayata ce ta taso daga cikin mata, idanunta jawur, ta tattare mayafi ta hau kujerar direba. Ba ta taɓa tuƙi ba.

"Yaya, ki taka sau uku ki riƙe, ni zan fitar da iska ta ƙasa."

Na buɗe gwangwanin man burki, sai na ga kumfa. Ruwan sabulu ne, dabarar tsofaffin direbobi in mai ya ƙare a hanya. Na zubar, na wanke, na zuba mai na gaskiya. Tayoyin gaba suka amsa. Na baya kuwa ko ɗigo.

Na kwanta a ƙasa kusa da kwata, na bi bututun man burkin baya da hannu har na kai ga abin. An soka masa ƙusa, an dake shi da guduma ya lotse, an naɗe da igiyar roba. Tsatsar wurin ba ta bana ba ce. Wato ya taɓa yoyo, Baba ya toshe shi, ya ci gaba da harkarsa. Duk gawarwakin nan, da mazan da ke cika baya, da burkin gaba kaɗai ya riƙa gangarawa da su ta shataletalen Circle zuwa makabarta.

Wallahi raina ya ɓaci. Mutum yana da ɗa makanike, amma ya gwammace ƙusa da ya ce zo ka duba mini. Ina kwance ina yi masa faɗa a fili, shi kuma yana cikin ɗaki ana yi masa wanka. Sai da Yaya ta ce, "Kai, ka yi istigfari," na kama bakina.

Na ruga gareji na ɗauko wani bututun na ɗaura. Yaya ta taka, mai ya tsirto ta tayoyin baya duka biyu, ya jiƙe takalman burkin. Robobin ciki sun riga sun ruɓe. Ana haka aka kira salla.

Ta leƙo ta taga. "Ka tafi a hankali mana. Kai ka ce masa to."

Na tuna gangaren, na tuna masu tallan da ke shimfiɗa kaya har bakin titi, da dattawan da za su ɗare baya kome na faɗa musu. Na ce, "Yaya, ba zan iya ba." Ta sauko ta koma cikin mata.

Daga unguwar Maamobi aka kira wata mota. Direban bai san Baba ba, yana ta duba agogo, har da tambayata ko mamacin ɗan'uwana ne. Na zauna a gefen makarar da baƙin mai a farce, kunya ta hana ni kallon kowa.

Ranar sadakar uku na sayo robobin da takalman na gyara burkin. Awa biyu aikin ya ɗauke ni.