Sun Hana Ƙanina Digiri, Sun Riƙe Hotonsa

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanina Sagir makwancinsa, a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan gari a Maryland. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi masa sadaka, in kira Umma a Kano mu yi masa addu'a tare, sannan in koma bakin aikina. Bana na kasa tsayawa a nan, don akwai maganar da ta tokare min ƙirji, kuma sai na faɗe ta.

Ni na riga shi zuwa Amurka. Nas ce ni a wani asibiti a Largo, kusa da birnin Washington. Sagir ya biyo ni yana saurayi, da katin zama a hannu da buri guda ɗaya: ya karanci aikin jinya, in hali ya yi ya zarce zuwa likita. Kuɗin jami'a a ƙasar nan kuwa ba abin da albashina zai ɗauka ba ne. Sai ya gamu da masu ɗaukar soja, suka ce masa in ya yi wa ƙasa aiki na wasu shekaru, gwamnati za ta biya masa karatu. Ranar da ya faɗa wa Umma a waya ina zaune kusa da shi, ina jin kukanta.

"Yanzu Sagir, ka bar gida don ka je ka yi yaƙin wasu?"

"Umma, ba harbi zan yi ba," ya ce. "Ɗaurin rauni zan yi. Ki sa min albarka."

Ta sa masa, ba don ranta ya so ba.

Haka ya zama sojan da ke ba da agajin gaggawa a fagen daga. Sau biyu ana tura shi ƙasar waje. Ya dawo da duk gaɓoɓinsa, muka yi ta hamdala. Ya kuma dawo da wani busasshen tari da muka ɗauka na sauyin yanayi ne, da wani fayil mai kauri cike da takardun horon da ya samu da ayyukan da ya yi.

Zan faɗi gaskiya ko da ina cikin fushi: gwamnati ta cika alkawarinta. Ta biya kuɗin makaranta, ta ba shi na haya. Sai dai tallafin nan watanni ne ƙidayayyu. Duk watan da ka yi a aji an cire shi, ko darasin ya amfane ka ko bai amfane ka ba. Idan suka ƙare, sun ƙare. Jami'ar da ya shiga, a arewa maso yammacin Washington, ta san haka sarai.

Ni na raka shi ofishin da ake tantance darussan da ɗalibi ya riga ya yi. Wata mata ce mai fara'a ta karɓe mu. Ta buɗe fayil ɗin, ta ɗaga shafi uku ko huɗu, ta rufe. Ta ce wannan gogewa ce mai ban sha'awa, amma a tsarinsu ba darasi ba ce, don haka zai fara daga tushe kamar kowa. Ta miƙe ta ba shi hannu, ta ce sun gode da hidimarsa ga ƙasa. Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne, ni ma na ce mata na gode. Na fi shi sanin ƙasar nan, na san ana iya cewa a kira min shugaban sashe, amma na ja hannunsa muka fito ina ce masa ya yi haƙuri.

Aka zaunar da shi a ajin koyon agajin farko tare da yaran da suka gama sakandare jiya. Wata rana ya shigo gidana yana dariya har yana riƙe ciki.

"Yaya, yau na kashe ɗan roba."

Wai an ba su mutum-mutumin roba su tsayar masa da jini a ƙafa. Sagir ya ɗaure igiyar can sama kusa da cinya, cikin sauri, yadda aka koya musu a inda ake harbi. Malamin ya ce littafi bai ce haka ba, ya rage masa maki. Na tambaye shi ko ya yi magana. Ya ce, "Me zan ce, Yaya? Shi ne mai alƙalami." Ya ci tuwonsa ya ƙoshi, ni na kasa cin komai.

Jami'ar tana da ofishin tsofaffin sojoji, kuma tana yawan alfahari da shi. Na gan shi da idona. Wani ɗan ɗaki ne a ƙasan bene, an liƙa tuta a ƙofar, mutum ɗaya ne a ciki, kwana biyu yake zuwa a mako. Shi ne zai sa hannu a fom duk zangon karatu kafin kuɗin haya ya fito. Da ya tafi hutu ba wanda ya maye gurbinsa, fom ya kwanta a tebur. Sagir ya bar ɗakin da yake haya kusa da makaranta ya dawo wurina a Largo, inda layin jirgin ƙasa na Metro ya ƙare. Kullum sai ya ratsa birnin nan daga wannan gefe zuwa wancan, ya sauya jirgi, ya hau bas, yana tari cikin hankici.

Tarin ya zama ciwon huhu. Likitoci sun yi zargin hayaƙin ramukan da ake ƙona shara ne kusa da tantunansu a sansani. Ganin likitan huhu sai an sa maka rana tun watanni, in ka kuskure ta ka koma bayan layi. A makaranta kuma akwai doka: wanda ya rasa darasin gwaji sau uku ya faɗi kwas ɗin. Ya kai takardar likita. Aka ce masa doka ta kowa ce, in an ɗaga masa ba a yi wa sauran adalci ba. Ya maimaita kwas, ya sake maimaita wani. Watannin tallafinsa suka ƙare saura masa zango ɗaya ya gama. Ya nemi agaji daga wani asusu da jami'ar ke cewa ta ware wa tsofaffin sojoji, aka aiko masa da imel mai layi biyu cewa lokacin nema ya wuce.

Ya kama aikin tuƙa motar da ke kai marasa lafiya wankin ƙoda. Yana cewa zai tara ya koma. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya rasu a asibitin da nake aiki, hawa ɗaya sama da ɗakin da nake duba marasa lafiya, bayan la'asar. Ban ce jami'a ce ta kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda da ƙaddara. Amma da an ƙirga masa ko da rabin abin da ke cikin fayil ɗin nan, da ya riƙe takardarsa a hannu kafin ya kwanta, da Umma ta ga hotonsa da hular kammala karatu. Wannan ba ƙaddara ce ta hana ba, mutane ne masu suna da ofis.

A watan jiya na je wani ofishin gwamnati a kudu maso yammacin birni sabunta wata takarda. Ina fitowa daga jirgi sai na ga Sagir a jikin bangon tasha, ya fi tsayin mutum. Yana sanye da farar riga, abin sauraron ƙirji a wuyansa, yana wannan murmushin nasa da ke karkata gefe ɗaya. A ƙasa an rubuta cewa wannan jami'a gida ce ga tsofaffin sojoji, su zo su ƙarasa abin da suka fara. Na tsaya cak, mutane suna bangazata suna wucewa. Sai na tuna a shekararsa ta biyu an tara su ranar girmama tsofaffin sojoji, an yanka musu kek, an ɗauki hotuna, an ba su wata takarda sun sa hannu.

Na kira jami'ar. Bayan an yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, wata yarinya a ofishin talla ta ɗauka. Ta ce ai ya sa hannu a takardar izini. Sannan cikin murna ta tambaye ni wace shekara ya kammala, kuma a wane asibiti yake aiki yanzu, don suna son su saka labarinsa a mujallarsu. Na ce bai kammala ba, kuma ya rasu shekara shida. Ta yi min ta'aziyya, ta ce za a duba. Har yau da nake wannan rubutu hoton yana nan.

Nakan tambayi kaina me Sagir zai ce da ya ga wannan. Na san zai fara da dariya, ya ce gara da suka zaɓi hoton da ya yi kyau a ciki. Shi ba mai rigima ba ne. Amma na san dariyar ba za ta daɗe ba, don zai tuna da yaran da suka cire kaki jiya, waɗanda za su tsaya a tashar nan su ga baƙin mutum kamarsu yana murmushi, su ce ga wurin da za a riƙe mu da daraja. Da fuskarsa ake jawo su, da watanninsu ƙidayayyu.

Ina jin labari daga matasan da muke aiki tare cewa yanzu wasu jami'o'i suna ƙirga horon soja a matsayin darasi, wasu ma suna da mutum na musamman da ke bin ɗalibi har ya gama. Na yi murna, amma murnar ta zo da ɗaci, don ta nuna min abu ne mai yiwuwa tun can. Ita kuwa waccan jami'ar, an ce min ɗakin ƙasan benen ma an rufe shi, sai dai ka cike fom a intanet ka jira.

Mu ma ba mu fita daga laifi ba. A yankin nan muna da farfesoshi da manyan likitoci 'yan arewa, muna haɗuwa da su a filin idi da wurin suna. Da yawa sun san halin da Sagir ke ciki. Amma shi ne yaron nan da ya shiga sojan Amurka, ana gaisawa da shi sama-sama, in ya juya a taɓe baki. Ba wanda ya ɗaga waya ya kira abokin aikinsa a jami'ar. Don haka iyaye da yayye, in naku ya dawo daga soja zai shiga makaranta, ku raka shi. Ku tambayi darasi nawa za a ƙirga masa, a rubuta muku a takarda kafin ya sa hannu. In sun ƙi, ku tashi ku nemi wata makarantar.

Sagir bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai bar digiri ba. A rana ta uku da rasuwarsa wani ƙaton Bature ya ƙwanƙwasa ƙofata yana dogara sanda. Ya yi tuƙin yini guda kafin ya iso. Ya cire takalmi da ƙyar, ya zauna a kan darduma cikin masu zaman makoki, bai san yadda zai yi da hannuwansa ba lokacin da ake addu'a. Da aka shafa sai ya ce min tare suka yi soja da Sagir, bam ya taɓa tashi da motarsu, jijiyar cinyarsa ta tsinke, Sagir ya danne ta da hannu bai saki ba har jirgi mai saukar ungulu ya sauke su a asibiti. Ya ce duk tsawon hanyar Sagir yana ta yi masa magana da wani harshe da bai sani ba, yana maimaita kalma ɗaya, kuma ya daɗe yana son ya san ma'anarta. Ya gwada faɗinta sau biyu kafin na gane.

Sannu yake ce masa.

Allah Ya jiƙan ƙanina, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Umma haƙurin da ni har yanzu ban samu ba.