Ranar da Baba Ya Saurari Karatun 'Yar Fari

Na kammala digiri ban samu aiki ba, makarantar kuɗi kuma ta gagare mu, sai na mayar da soron gidanmu na Sheshe aji. Na shafa wa bango baƙin fenti, matata ta yanka tsofaffin kwalaye muka rubuta haruffa. A nan nake koyar da 'yarmu ta fari da ƙaninta.

Mahaifina bai gamsu ba. Ya ce zai saurari karatun yarinyar. In ta kasa, ƙanwarsa ta Gwammaja za ta ɗauke ta riƙo, ta sa ta makaranta.

Ya shigo da hantsi, ya zauna kan buzu, ya miƙa mata littafi. "To, amarya, karanta mu ji."

Ta karanta layin farko, ta tsaya, ta dube ni. Ta saba ba ta wuce layi sai na gyaɗa mata kai. Ni kuwa kaina a sunkuye yake, domin a gidanmu ba a kula ɗan fari a gaban iyaye, ko sunansa ba a ambata. Ganin ba ta ci gaba ba, Baba ya miƙa hannu zai karɓi littafin.

Na ɗago kai. "Daidai ne, 'yata. Ci gaba."

Ta ci gaba har ƙarshen shafi. Baba ya miƙe.

"Boko ya cinye maka kunya," in ji shi, yana laluben takalminsa. "Yarinya dai ta zauna a gidan ubanta."