Doguwar Sandar Jirgin Ɗana

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, ɗana na biyu ya samu aiki a Ikko, a jirgin ruwan wani attajiri. Ba mai inji ba ne, iska ce ke tura shi. Ni dai ruwan da na sani a duniya kogin Kubanni ne, shi ma daga kan gada. Amma fa kada wanda ya ce ban san iska ba. Tun ina amarya nake sussuka da shiƙa a nan Tudun Wada, ban yi boko ba, amma ƙaiƙayina bai taɓa faɗawa tukunyar maƙwabta ba.

Wata rana da hantsi ina tsakar gida da ƙwaryar dawa a hannu, sai ga shi ya yi sallama, ba lokacin hutu ba. Ya rame. Bayan ya sha ruwa na ce, "Kai, fuskar nan taka ba ta ziyara ba ce. Faɗa mini."

Ya tsuguna ya ɗauki kara yana zane a ƙasa. Ya ce, "Inna, jirgin sanda biyu gare shi, doguwa a gaba, gajera a baya, kowace da ƙyallenta faffaɗa kamar tamfol. Maigida ya sayo wata na'ura mai 'yan kofuna da kibiya, ita ke gaya wa matuƙi inda iska ta fito da ƙarfinta. Ni aka ba in ɗaura a sama. To, ƙarya take yi. Ranar nan ta ruɗe matuƙi, ƙyalle ya juyo ba shiri, katakonsa ya kusa fasa wa mutum kai. Maigida ya ce in gyara kafin su sake fita, ko in nemi wani aikin."

Na ce, "A wacce sandar ka ɗaura?"

Ya nuna ta baya.

Na ajiye ƙwarya na yi dariya har da tafi. Na nuna masa gorata da ke kusurwar katanga, wadda na ɗaura wa tsumma a bisa, ta ɗara rufin gidan tsawo. Ita nake dubawa kafin in fara shiƙa. Na ce, "Tun da aka haife ka, ka taɓa ganin tsummana a bayan ɗaki? Iskar da ta bugi bango ta juyo ai jita-jita ce, ba ita ce ta taso ba. Ƙyallen gaba ya shanye iska, ya tofa wa na'urarka saura, ka ce tana ƙarya? Kai ta sandar gaba, can ƙoli, inda ba abin da ya riga ta. Duk karatun naka, sai mai shiƙa ce za ta gaya maka?"

Ina ta hura hanci, ina jira ya ce kai Inna, Allah ya ƙara basira. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na sani, Inna. Kowa a jirgin ya sani."

"To, mene ne?"

"Ta bayan an sauke ta ƙasa ana fenti, a kwance na ɗaura. Ta gaban sai an hau." Ya share zanen da tafin hannu. "Ke kika ce."

Wallahi sai da na zauna a kan turmi. Yana ɗan shekara tara ya faɗo daga mangwaron bayan gidanmu, ya suma, hannu ya karye. A gaban mai ɗori, ina kuka, na ce masa in ya sake hawa abin da ya fi rufin ɗaki ban yafe ba. Hannu ya warke, ni na manta. Shi bai manta ba. Ashe duk shekarun da yake tura ƙannensa gyaran kwanon rufi da damina, ina yi masa gorin lalaci a gaban mutane, bakina yake riƙe da shi.

Na ce, "Tsawonta kamar me?"

"Kamar rimin nan na hanyar Kwangila."

Zuciyata ta ce ki yi shiru, maganar ta zauna yadda take, ya dawo gida ya ja keke a gabanki, ƙafarsa a ƙasa. Na daɗe ina kallon tsumman nan yana kaɗawa. Shi kuwa bai roƙe ni ba, kansa a sunkuye. Mutum da gemu, da 'ya'ya biyu.

Na ce, "Da me ake hawa?"

"Kujerar igiya ce, ana ja daga ƙasa."

"To, na janye. Na yafe duniya da lahira. Ka hau. Amma igiya biyu, kuma mai jan ya zama ya ci ya ƙoshi."

Sai a lokacin ya yi dariya, yana goge ido.

Bayan mako guda ya bugo waya ya ce na'ura ta daina ƙarya, maigida ya huce. Har yau yana can.

Abin da ke dawo mini ba basirar da na nuna ba ne, duk da ina son a san ta yi daidai. Ni da ba na juya ƙwarya sai na duba inda ƙaiƙayi zai sauka, na saki magana ina cikin firgici, ban waiwaya na ga inda ta faɗa ba sai da ta kusa raba shi da abincinsa. Shi ya sa yanzu in na ji uwa ta ɗauko "ban yafe ba", nakan ce yarinya, haɗiye, ke za ki manta.

In ya zo gida yanzu, shi ke hawa katanga ya sauya mini tsumma. Ni kuwa sai in shige ɗaki in ce zan duba wani abu, ba na fitowa sai na ji ƙafarsa a ƙasa.