Rumana Apu, Na Saukar da Ke Ƙarƙashin Kasuwarki

Salamu alaikum 'yan gida. Ni ce dai Shumi, wadda kuke cewa bakinta ya fi intanet ɗin garinmu Rajshahi gudu. Yau ku yi haƙuri da ni, akwai abin da na yi a wasanmu na kwamfuta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Rumana Apu, wato Yaya Rumana, a asibiti. Zazzaɓin dengu ne, kwana shida kacal. Shekararta talatin da ɗaya. Duk wanda ya taɓa sa mod ɗin Kasuwar Bakin Kogin Padma a wasansa, wato ƙarin nan da ake haɗa wa wasa, aikinta ne na shekara huɗu: jiragen ruwan, kwandunan mangwaro, da mai shayin nan mai fuskar Apu da muryarta, da ke cewa in za ka zauna ka zauna, in za ka wuce ka daina tare mata iska.

Apu, kin tuna yadda muka haɗu? Na zuba mod saba'in a tsohuwar kwamfutar wana, shanun cikin wasan suka koma tashi sama, na shigo zauren nan namu na intanet ina kuka. Kowa dariya yake. Ke kaɗai kika ce in zo gida. Kika ajiye min jhalmuri, gugurun shinkafa mai barkono, kika duba jerin nawa, kika ce, "Shumi, wannan ba wasa ba ne, bola ce." Ranar kika koya min wanke mod, wato cire masa kurakurai: a yi kwafi tukuna, a wanke ɗaya bayan ɗaya, a buɗe wasa a gwada kafin a taɓa na gaba. Ni da na bar makaranta a aji tara, ba ki taɓa sa na ji kunyar Turancina ba. Sai dai ki ja min kunne.

A asibiti kika sa na rubuta kalmar sirrin shafinki a bayan takardar magani. Na ce ki daina wannan maganar. Kika ce in daina surutu in rubuta.

Kwana uku da rasuwarki, mahaifiyarki, wadda nake ce wa Khala, wato inna, ta kira ni. Mutane sun yi ta yaɗa bidiyon mai shayin don nuna ƙauna, har ya kai wayarta. Ta ji muryar 'yarta tana zolayar baƙi. Ta ce min, "'Yata, cire min ita daga abin nan. Mun kwantar da ita, ku kuma kuna ta tashinta."

Na ce to, Khala. Me zan ce?

Na buɗe fayil ɗin, na nemo mai shayin, na danna goge. Da na shiga kasuwa sai wasan ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Sai a lokacin na duba, ashe don kuka ban yi kwafi ba. Mod goma sha ɗaya na wasu mutane suna jingine da mai shayin nan, kuma dubban mutane sun ajiye wasansu a kasuwar. Na ce shi ke nan, na kashe aikinki ko sati ba ki yi da tafiya ba. Na ɗauki waya zan kira ki, Apu. Har na danna lambar.

Allah Ya taimake ni, tsohon fayil ɗin yana nan a shafinki, na sauke shi. A ciki na tarar da ɗan rubutunki ga masu gyara, wanda ban taɓa karantawa ba saboda lalaci. Kin ce abin da wasu suka jingina da shi ba a goge shi, don wasan zai yi ta nemansa har ya faɗi. Kashe shi ake yi kamar fitila, a bar sunansa a fayil, a saukar da shi ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani.

Manhajar ta tambaye ni zurfi nawa. Na fi minti ashirin ina kallon akwatin da ake rubuta lambar. Na rubuta dubu talatin, kamar yadda kika ce a rubutun, na yi bismilla na danna.

Wasan bai mutu ba. Kasuwa tana nan, buta tana tururi, benci ba kowa. Na gwada mod ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, goma suka wuce lafiya. A na sha ɗaya, na wani ɗan garin Khulna, akwai aiken da ake ce wa mai wasa ya kai wa mai shayi saƙo. Na bi kibiyar da ke nuna hanya har bakin rumfar. Da na isa sai kibiyar ta juya, ta nuna ƙasa.

Ban iya gyara wannan ba, kuma ina tsoron taɓawa. Haka na ɗora shi a shafinki jiya. Na kira Khala na ce an yi. Ta tambaye ni ko har yanzu mai shayin tana magana. Na ce a'a, muryar ta yi shiru. Ta ce to, Allah Ya yi min albarka.

Allah Ya jiƙanki Apu, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa haƙurin da kika yi da irina ya zame miki nauyi a mizani. Khala, Kamrul Bhai mijinta, da dukkan dangi, Allah Ya ba ku juriya.

Ku kuma 'yan gida, wanda ya sauke sabon, don Allah ya gaya min a ƙasa ko ajiyar wasansa ta buɗe lafiya, don ban samu natsuwa ba. In kuma Apu ta taɓa gyara maka wani abu, faɗa mana, zan karanta wa Khala.