Hannun da Lavell Ya Ɗaga

Ƙarfe shida na safe Lavell Prudhomme yake shigowa filin ƙwallon Amurka, irin wadda ake cafewa da hannu a gudu da ita. Ni kaɗai yake tararwa, Otis Gaines mai yankan ciyawa. Yakan jiƙa ƙwallaye a bokiti don su yi santsi, ya kunna injin da ke cilla su sama, ya cafe ɗari kafin sauran 'yan wasa su iso.

"Baba Otis, ciyawarka ta yi tsawo yau."

"Ciyawata ƙalau take. Ƙafarka ce ta tsufa."

Shekara tara kenan. In abokan hamayya sun buga ƙwallo sama, shi ke tsayawa a ƙarƙashinta, ido a sama, ƙarti goma na tahowa kansa a guje. Wani lokaci a tura shi gaba ya karɓi jifa. Haƙarƙarinsa ya karye sau biyu. Ban taɓa ganin ɗan kallo sanye da riga mai lambarsa ba.

Bara aka kawo wani sabo mai gudu kamar barewa. Koci ya faɗa wa Lavell gaba da gaba: ya nuna abin a zo a gani a wasan ƙarshe, ko ya kwashe kayansa.

Ranar Lahadin iska ta yi ƙarfi. Muna gaba da maki biyu, saura minti ɗaya, kuma nasara ce kaɗai za ta kai mu zagaye na gaba. Abokan hamayya suka buga ƙwallo sama. A dokar wasan, wanda ya ɗaga hannu kafin ƙwallo ta sauko ba mai taɓa shi, amma shi ma ba ya gudu da ita. Gefen hagu a buɗe yake. Na gani, kowa ya gani. Lavell ya ɗaga hannu, ya rungume ƙwallo, ya tsaya. Jama'a suka yi masa ihu. Muka ci wasan.

Na tare shi a bakin ƙofa.

"Kai sakarai ne? Hanya ga ta fetal!"

"Baba, iska na murɗa ta. In na kalli hanya, ta zame ta faɗa hannunsu. Abokan wasana mutum hamsin da biyu su tafi gida saboda ni?"

"To kai fa?"

"Ni na san hanyar gidanmu."

Ranar Talata aka sallame shi. Babu jaridar da ta kawo sunansa. Yanzu yana tuƙa motar kaya tsakanin garuruwan Shreveport da Monroe.

Ban yi karatu mai nisa ba, kuma yabo ba halina ba ne. Amma Lavell, kai ne mai hannun amana. Kai ne ka ba mutum hamsin da biyu ƙarin mako guda, ka biya da aikinka. Na kira ka sakarai. Na janye, a gaban jama'a, kuma na gode.

Ku da ke tasowa, gudu kowa zai koya muku. Ku nemi mutumin nan ya koya muku tsayawa.